Yadda ake dafa shinkafa da kaza mai yaji irin ta Kajun, salon ɗakin cin abinci

Ranar da aka fara sa ni a layin zuba abinci a ɗakin cin abincin ɗalibai na wata jami'a a kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka, aka fito da wani dogon farantin ƙarfe daga oben, aka yaye takardar da ta rufe shi, tururi ya turnuƙe. Na leƙa na ce a raina, yau ga dafaduka a Amurka, sai dai mai ita ta manta da tumatir. Launinta ba ja ba ne, kamar na soyayyiyar gyaɗa yake, ga gutsattsarin kaza ko'ina, ga koren lawashi a sama. Sai da na tambayi dattijuwar da ke riƙe da kicin ɗin ta tabbatar mini wannan farantin babu naman alade a ciki, sannan na kai cokali baki. Yajin bai mare ni nan take ba yadda attaruhu yake yi. Sai da na haɗiye ya taso daga maƙogwaro a hankali, ya samu wuri ya zauna.

A hannun wannan dattijuwa na koyi girkin, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne hana hannuna abin da ya saba. Hannun Bahaushiya in ya ga shinkafa da kaza a tukunya ɗaya, tumatir yake nema, da kori, da markaɗen attaruhu, da juyi. Duk ki ajiye su yau, uwargida. Launin wannan abinci da rabin daɗinsa daga ƙanzon suyar kaza suke fitowa, wannan da yake manne a gindin tukunya muke kankarewa mu zubar.

Su waye Kajun

Da bakinsu “Kejin” suke faɗa. Jikokin Faransawa ne da suka zauna a Akadiya, gabashin Kanada ta yau, har Turawan Ingila suka fara korarsu a 1755. Bayan shekaru na watangaririya da yawansu suka sauka a Luwiziyana, suka bazu a fadamu da filayen kudancin jihar, yankin da birnin Lafayette yake tsakiyarsa. Can suka tarar da shinkafa ta riga su zuwa, domin jiragen bayi na farko da suka iso a 1719 sun zo da irinta daga Afirka ta Yamma, kuma mafi yawan bayin da aka kawo a zamanin Faransawa daga yankin Senegal da Gambiya suke, inda noman shinkafa ya daɗe. Saboda haka kamannin da na gani da dafaduka ba gizon ido ba ne. Har yau garin Crowley yana bikin shinkafa duk shekara, abin da ya faro tun 1937.

Sunan wannan girki a wurinsu jambalaya, kuma iri biyu ne. Ta birnin Niyu Olins ja ce, da tumatir. Ta Kajun ta karkara ba ta da tumatir ko ɗaya, ita ce tamu ta yau. A garin Gonzales, inda ake gasar dafa ta tun 1968, a baƙar tukunyar ƙarfe ake yi a kan itace. To amma mai ciyar da ɗaruruwan mutane da rana ba ta da lokacin tsayuwa a kan tukunya tana lura da wuta. Wurare irin namu, da shagunan abincin rana na ma'aikata inda za ka ɗauki tire ka bi layi kana nuna abin da kake so, da yawansu a tukunya suke fara girkin su ƙarasa a oben cikin faranti rufaffe. Zafi yana shiga ta ko'ina daidai, ba ta kamawa, ba a juya ta balle ta caɓe, kuma a wannan farantin dai za a kai ta layi ta yi sa'o'i da zafinta. Wannan ne ya sa nake ganin salon ya dace da mai suna, ko walima, ko buɗa-bakin jama'a.

Abin da za ki tanada, na mutum 10 zuwa 12

Cinyoyin kaza kilo 2 bayan an cire ƙashi. Cinya nake nufi, ba ƙirji ba. Ƙirji in ya sha suya ya sha oben ya kuma zauna a faranti, sai ya koma kamar igiya. Ki ce wa mai kaji ya haɗo miki da ƙasusuwan, da wuya, da fukafukai, da ƙafafu in kina ci, da su za a yi romo. Ƙundu da hanta kamar giram 250 in kina so, za mu zo kansu.

Shinkafa kilo 1, wato kofi 5 da kofin awo mai ɗaukar mililita 240. Doguwar shinkafar buhu da aka turara tun tana cikin ɓuntunta, irin wadda muke dafaduka da ita, ita ce ta wannan aiki, kuma ita manyan kicin na can suka fi so, don tana jure zama ba ta manne wa juna. Shinkafar tuwo kam kada ma ki fara.

Sai kayan lambu uku da babu girkin Kajun da ke tashi ba su: albasa, koren tattasai da seleri, wani ganye mai dogon kara mai ƙamshi. Manyan albasa 3, koren tattasai 3 matsakaita, sandar seleri 4. A ido, albasar ta kai yawan sauran biyun a haɗe. Tafarnuwa ƙwaya 8, ganyen bay 3, man gyaɗa rabin kofi, lawashi ɗauri ɗaya, da fasili, wani koren ganye mai ƙamshi, in ya samu. Seleri ne mai wuyar samu a wasu kasuwanninmu. In kin rasa, ki ƙara koren tattasai ɗaya ki yi girkinki, zai yi daɗi, sai dai wani ƙamshi mai sanyi da ke bayan yajin ba zai fito ba. Ni in na samu nakan saya da yawa in yanka in daskarar.

Su Kajun sukan sa wani kyafaffen sosej na alade da suke kira andui, shi ke ba abincin ƙamshin hayaƙi. Mu sai mu nemi hayaƙin ta wata hanya: kyafaffen sosej na naman sa giram 400 in kin amince da inda aka yi shi, ko ki gasa kashi ɗaya cikin huɗu na cinyoyin a kan garwashi maimakon suya. Na biyun nake yi, ya fi araha kuma na san abin da ke ciki.

Yajin

Akwai na gwangwani, irin su Tony Chachere's da aka fara yi a Opelousas a 1972, amma gishiri ya yi musu yawa, kafin yaji ya ji gishiri ya wuce gona da iri. Haɗa naki ya fi. Da babban cokali: garin busasshen jan tattasai marar zafi 4, garin tafarnuwa 2, garin albasa 2, garin barkono 1, baƙin masoro 1, tayim 1, origano 1, sai farin masoro ƙaramin cokali 2. Ki cakuɗa ki zuba a kwalba. Babu gishiri a ciki, daban za mu sa shi. Kusan rabi za ki yi amfani da shi yau, sauran ya jira wata rana.

Zafin nan hawa uku ne, kuma da gangan aka jera shi haka. Barkono a kan harshe yake kamawa, baƙin masoro da ƙamshi yake zuwa, farin kuma shi ne mai tasowa daga maƙogwaro bayan an haɗiye. In kika cire ɗaya kika ninka wani, zafi za ki samu amma ba irin wannan ba. Attaruhu kuwa ya ninka barkonon da suke amfani da shi zafi, ga ƙamshinsa mai ƙarfi da ke danne komai, da kin sa shi abincin ya dawo gida. Abu biyu ki kula da su. Garin barkonon kasuwa ba ƙarfinsu ɗaya ba, in naki na ƙananan nan ne masu azaba, rabin cokali ya isa. Sannan masoron gargajiya namu ɗan'uwan nasu ne amma ya fi shi ɗaci-ɗaci, in shi ke hannunki ki rage shi rabi.

Romo da jiƙon kaza

Ki fara da kazar. In kin wanke ki bar ta ta tsane a kwando, ki bi ta da tishu ko tsumma mai tsabta har ta bushe. Ki yanka gutsi-gutsi kamar girman goro. Ki zuba gishiri babban cokali 1 da yajin cokali 4, ki murza da hannu ko'ina ya samu, ki rufe ki sa a firij. Awa ɗaya ya isa, kwana ya fi.

Ƙasusuwan da tarkacen ki zuba a tukunya da ruwa lita 3, da kan albasa da ganyen seleri da kika yanke, da ganyen bay ɗaya. In ya tafasa ki kwashe kumfar, ki rage wuta ya yi ta ɓararraka a hankali awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ki tace. Kofi 9 kike nema, lita 2 da ɗan ɗoriya. In bai kai ba ki cika da ruwan zafi. In sauri kike, ruwa da dunƙulen ɗanɗano na kaza zai fitar da ke, amma ki rage gishirin gaba.

Mai kazar Hausa, naki tsarin daban ne. Ki dafa ta gaɓa-gaɓa a cikin ruwan romon har ta kusa laushi, ki tsame ta sha iska, sannan ki shafa yaji ki soya. Romonta ya fi na kazar gidan gona nesa ba kusa ba, kuma su ma mutanen karkarar Luwiziyana tsohuwar kaza suke nema in za su yi miyarsu ta gumbo.

Suya da ƙanzo

Nan aikin yake, in ya yi kyau saura duk wasa ne. Ki nemo tukunyarki mafi kaurin gindi. Baƙar tukunyar ƙarfe ta fi, tukunyar dalma mai kauri ta maƙera ma tana yi. Wadda aka shafe cikinta don kada abinci ya kama ba ta da amfani a nan, tunda kamun muke nema.

Ki ɗora mai a wuta matsakaiciya mai ɗan ƙarfi har ya fara sheƙi. Ki jera kazar ɗaya bayan ɗaya, kowane gutsi ya taɓa gindin tukunya, da ɗan fili tsakaninsu. Kilo 2 zai ɗauke ki zubi uku ko huɗu. Da kin jera, ki cire hannunki. Minti 4 zuwa 5 ba taɓawa. Za ki ji ƙarar suya mai kaifi, za ki ga gefen naman ya fara duhu. In kin ɗaga gutsi ɗaya ya ƙi sakin tukunya, bai yi ba, ki ƙyale shi, da kansa zai saki. Ki juya, ɗaya gefen minti 3, ki kwashe a kwano. Ba sai cikinsa ya nuna ba, oben zai ƙarasa. Ruwan da zai taru a kwanon kuma kada ki zubar.

Karo na farko da na yi shi a gida ni kaɗai, ina da baƙi, na ga zubi huɗu ɓata lokaci ne, na juye kazar duka a tukunya. Nan take ƙarar suya ta mutu, ruwa ya taso ya rufe naman, ta koma dahuwa. Na ƙara wuta, na yi ta fifita, a banza. Shinkafar ta fito fari fat kamar ta majinyaci, yaji a sama, babu komai a ƙasa. Baƙin sun ci sun yaba don kara, amma na ga yadda faranti ke dawowa.

Tsakanin zubi da zubi ki duba gindin tukunya. Abin da kike so shi ne shimfiɗar ƙanzo mai duhun ja, kamar bayan gasasshen tsire. In ya fara baƙi, ko hancinki ya ji ƙauri mai ɗaci, garin tattasan ne ke ƙonewa, kuma ɗacinsa ba ya fita. Maza ki sauke tukunyar, ki zuba romo rabin ludayi, ki kankare da cokalin katako, ki juye ruwan a kwanon kaza, ki ɗan ƙara mai ki ci gaba da wuta ƙasa da ta da. Ba ki yi asara ba, kin ajiye ƙanzon ne a gefe. Amma in ya riga ya zama gawayi, ki wanke tukunyar ki sake, gara a rasa zubi ɗaya da a ɓata kilo guda na shinkafa.

In kina da sosej, ki yanka shi zagaye-zagaye ki soya bayan kazar, minti 3 ko 4. Ƙundu da hanta kuma ki daddatsa su ƙanana sosai kamar niƙaƙƙen nama, ki soya ƙundun tukuna, hantar daga baya, har su yi duhu su farfashe. Da su ake yin wata 'yar'uwar wannan shinkafa da mutanen can ke kira “shinkafa mai datti” saboda ɗigo-ɗigon da hanta ke bari a jikinta. Ko wanda ba ya cin hanta ba zai gane ta ba, sai dai ya ce abincin ya yi zurfin ɗanɗano.

Albasa da 'yan'uwanta

Duk ki yanka su ƙanana kamar ƙwayar masara. Kada ki markaɗa, markaɗe ruwa yake kawowa.

Albasar kaɗai za ta fara shiga, a cikin man da ƙanzon da kaza ta bari. Ki barbaɗa ɗan gishiri. Ruwanta zai jiƙa ƙanzon, ki bi da cokalin katako kina kankarewa har gindin tukunya ya fito fes, albasar ta ɗauki launin. Daga nan sai haƙuri. Ki bar ta a matsakaiciyar wuta kina juyawa jefi-jefi. Za ta bushe ta fara kamawa, sabon ƙanzo ya fito. Ki zuba romo cokali 3 ko 4, ki kankare, ki bar ta ta sake kamawa. Sau uku ko huɗu za ki yi haka, minti 20 zuwa 25 gaba ɗaya. Dattijuwar nan takan tsaya a kaina ta leƙa tukunya, in na ɗaga kai ina neman izinin wucewa gaba sai ta girgiza kai kawai ta tafi. Sai ranar da albasar ta narke ta koma kamar dabinon da aka jiƙa aka dama, sannan ta ce mini, “Yanzu kin fara girki, 'yata.” Launin da albasar ta kai a nan, shinkafarki za ta fito da ƙasa da shi, don haka ki kai ta inda kike ganin ya ɗan yi yawa.

Sai koren tattasai da seleri, minti 6 zuwa 8 har su yi laushi. Tafarnuwar da kika daka da yajin cokali 2 su ne na ƙarshe, minti ɗaya kawai, da ƙamshi ya tashi ya isa.

Haɗawa da shiga oben

Tun kina kan albasa ki kunna oben ya kai digiri 180 a ma'aunin Salsiyos, ki ɗora romon a wata wutar ya tafasa. Shinkafar ki wanke sau ɗaya ko biyu ki tsane ta sosai. Kada ki yi mata tafasa ɗaya ki tace yadda muka saba, ɗanya za ta shiga, don romon nake so ta sha, ba ruwa ba.

Ki zuba ta a kan kayan lambun ki juya minti 2 zuwa 3, kowace ƙwaya ta sha mai. Ki mayar da kazar da ruwanta da duk abin da kika soya. Ki zuba tafasasshen romo, da ganyen bay biyun da suka rage, da gishiri babban cokali 1. Ƙa'idar awon ita ce duk awo 4 na shinkafa, awo 7 na romo, ko da kofi kika auna ko da gwangwani, muddin abu ɗaya ne ya auna duka biyun. Bai kai ninki biyu ba saboda kaza da kayan lambu za su saki nasu ruwan. In basmati ce, awo 2 nata, awo 3 na romo.

Ki bari ya tafasa sosai na minti biyu ko uku, sannan ki ɗanɗana ruwan. Ya kamata gishiri da yaji su ɗan zarce yadda za ki so a farfesu, domin shinkafa za ta shanye ta rage musu kaifi. Yanzu ne damar gyara, bayan an rufe babu.

Farantin da ake amfani da shi a can yana da tsawon santimita 53 da faɗin 32, zurfinsa kamar 6 da rabi, kuma wannan awon namu yana shiga ɗaya. Oben gida ba kasafai yake ɗaukar wannan ba, sai ki raba a faranti biyu masu zurfi. Abin lura shi ne kada kaurin abincin ya wuce tsawon ɗan yatsa, in ya yi tudu gefe zai nuna tsakiya na nan da gari. Ki shafa mai a farantin, ki juye da zafinsa, ki baje, ki tabbatar ruwa ya rufe shinkafa ko'ina. In faranti biyu ne, ki raba tsakin tukuna sannan ki raba ruwan daidai. Ki rufe da takardar foyil ninki biyu, ki matse bakin zagaye kamar mai ɗaure kuɗi, kada tururi ya samu ko ƙofar allura.

Minti 45 a tsakiyar oben. Basmati 30 zuwa 35. Kada ki buɗe ki leƙa, kowace leƙa tururin da ke dafa saman shinkafar take fitarwa. In lokaci ya cika ki fito da shi ki ajiye a rufe minti 15. Sannan ki yaye takardar ta gefen da ba ya fuskantarki, tururin nan yana ƙuna. Ki cire ganyen bay. Da babban cokali mai yatsu ko faffaɗan ludayi ki ɗago daga ƙasa ki kifa a sama, a hankali, ba tuƙi ba. Ki watsa yankakken lawashi da fasili da yawa. Mai ma'aunin zafin nama ta soka a gutsi mafi kauri, ya kai digiri 74.

In kin buɗe kin tarar da sauran gari a shinkafar kuma ruwa ya ƙafe, ki yayyafa tafasasshen ruwa rabin kofi, ki rufe, ki mayar minti 10. In kuma ta nuna amma da danshi a ƙasa, ki mayar a buɗe minti 5 zuwa 8. Shinkafar buhu hali-hali ce, wata mai shan ruwa ce wata ba haka ba, girki na biyu da buhu ɗaya za ki san nata.

In babu oben

A tukunyar da kika yi suya za ki ƙarasa, yadda masu gasar Gonzales ke yi. Ki bar ta tana tafasa a buɗe har ruwa ya sauko daidai da saman shinkafa, ƙananan ramuka suka fara fitowa. Ki ɗago daga ƙasa ki kifa sau ɗaya, ki shimfiɗa foyil, ki danne da murfi. Wuta can ƙasa, minti 25, sai hutun minti 15. A murhun gawayi ki janye mafi yawan garwashin daga ƙasa ki ɗora kaɗan a kan murfi, kamar mai gashin kek a tukunya. Za ta ɗan yi ƙanzo a gindi, wanda a gidanmu faɗa ake a kansa.

Ajiye ta da zafi, da abin da ya kwana

A layin zuba abinci farantin yana zaune ne a kan ruwan zafi mai tururi, kuma akan soka ma'auni lokaci-lokaci a rubuta. Ki riƙe digiri 60 a ranki, kada ta sauka ƙasa da haka. A gida ki bar ta a rufe a oben da wuta mafi ƙanƙanta, ko ki ɗauraye kula da tafasasshen ruwa ki juye ta da zafinta ki rufe. Wannan ba tsirfar Turawa ba ce. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta kashe ƙwayayenta. In abinci ya huce ya zauna ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce awa 2 a waje, in zafin gari ya wuce digiri 32 kuma awa 1. Ki tuna da wannan ranar walima a watan Afrilu. Abin da ya rage ki baje a faranti marar zurfi ya huce da wuri, ki sa a firij, ki cinye cikin kwana ɗaya ko biyu. Ɗumame sau ɗaya ne, da ɗan yayyafin ruwa, a rufe, har tururi ya fito daga tsakiya.

A can da dafaffen farin wake ake zuba ta a gefe, ko kwaɗon kabeji mai mayonis, da yankan burodi. Kabejin ne na fi so, sanyinsa yana kwantar da farin masoron. A kan kowane tebur kuma akwai kwalbar Tabasco, ruwan barkonon da ake yi a tsibirin Avery na jihar tun 1868, barkono ne da gishiri da binega kawai. Ɗigo uku ko huɗu a kan faranti, tsaminsa yana farkar da abincin. In babu, ki yanka lemun tsami ki ajiye kusa da garin barkono, mai son ƙari ya ƙara a nasa.